Wandon da Ba a Sace Ba

Litinin, 9 ga Yuli 1973, da hantsi

Ina sanar da gwamnati da sarakuna da sauran jama'ar Birnin Ƙonni cewa wandona yana nan a kan igiya. Ba wanda ya taɓa shi. Tun ranar Juma'a na wanke shi na shanya, ya bushe, ya gaji da bushewa, yanzu wani ƙadangare ya kama haya a ƙafar hagu.

Malamin lakwal, wato makarantar boko, ba ya iya faɗin magana ya bar ta ba bayani, ko da shi kaɗai ne a aji. To ga shi. A unguwarmu, idan ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka, mata sukan fita ranar Alhamis sanye da wandunan mazansu, da malafa, da hauya a kafaɗa, wasu har da gemun auduga. Su bi gari suna waƙa har tsamiyar bakin tabki, su raba wa yara gumba, su dawo. Roƙon ruwa ke nan irin nasu. Sharaɗinsa guda ne: wandon sai an sace shi. In miji ya miƙa da hannunsa, wai abin ba ya ci. Mai ba da waƙar kuwa, tun kafin a sami 'yancin kai, ita ce Kubura, matata. A takarda dai ina iya kiran sunanta.

Ni ne babban abokin gaban wannan al'ada. Bara da aka zo ɗaukar muryoyi don rediyo, na ce duk namijin da ya bar wandonsa ya tafi neman ruwa, to hankalinsa ma ya bi wandon. An sa maganar, an maimaita ta. Har Tawa an san ni da ita.

Ruwa ya ɗauke tun ƙarshen Yuni. Gero ya fara naɗe ganye. Wando yana kan igiya.

Talata, 10 ga Yuli, da la'asar

Na zauna a rumfar Alkasum tela, abokina tun muna satar rake. Bai ko ɗago kai daga keken ba ya ce, "Mushe Ishaku, an ce ka yi wanki." Mushe dai shi ne malam a bakin Faransa, haka ake kiran mai koyarwa a lakwal.

Na ce, "Mutum ba ya wanki?"

"Wando guda? Wanda na ɗinka maka na angunci, wanda rabonka da shi tun kana da ƙugu? Kai dai duk shekarar da hadari ya yi yaji sai tsabta ta taso maka. Da baki ka hana, da igiya ka bayar. Mu da ba mu yi lakwal ba muna da sunan mai yin haka."

"Faɗe shi."

Ya ciji zare ya tofar. "Munahuki."

Na yi masa bayani dalla-dalla cewa shanya wanki ba laifi ba ne a dokar Faransa ko ta Musulunci, kuma wanda aka yi wa sata ba abokin ɓarawo ba ne. Ya yi dariya har keken ya tsaya. Can sai ya rage murya ya ce, "Yaya jikin nata?"

Na ce da sauƙi. Ya ci gaba da taka kekensa.

Laraba, 11 ga Yuli, bayan azahar

Kasuwa. Mutanen arewa sun sauko da shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Na samo nono mai ɗan kyau, aka dama wa Kubura fura. Ta kurɓa, ta ajiye.

Ta ce, "Mushe, gobe Alhamis."

"Na sani. Ni ke da kalanda."

"Jibo ya zo kasuwa da amalanke." Ƙanenta ke nan, na Bazaga. "In an shimhiɗa mani katihwa ciki, ba sai na taka ba. Baki ɗai za ni kai."

Na ce likita ya hana a girgiza ta. Gaskiya ne, ya hana. Ta dube ni irin duban da take yi wa mai awo in ta ga yana danna tiya da yatsa, sannan ta ce, "To."

Alhamis, 12 ga Yuli, da la'asar

Sun wuce ta ƙofar gida. Hawa'u maƙwabciyarmu ce ke bayarwa, kuma ta ɓata baiti tun ba a je ko'ina ba. Daga cikin ɗaki na ji an ɗaga murya an gyara mata, muryar ta keta tsakar gida da zaure har kan hanya. Matan suka yi guɗa. Ni ina zaure da littafi a hannu, juye.

Juma'a, 13 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Shekarar da muka yi aure na dawo daga makarantar horon malamai da akwati guda na littattafai da tabbacin cewa ni zan gyara ƙasar nan kafin damina biyu. Wata Alhamis na nemi wandon angunci na rasa. Ina cikin zargin wanki sai ga hayaniya, na leƙa, na ga wani ɗan gajeren dattijo da gemun auduga har ƙirji, ya ja wandon har hammata ya ɗaure da igiyar guga, yana tafiya yana tura ciki gaba, hannu guda a baya. Tafiyata ce. Duk unguwa ta gane kafin ni.

Ban yi wa Kubura magana ba har kwana biyu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce inna ce ta nuna mata inda nake ajiye shi. Innata, wadda ta haife ni, ita ta koya mata waƙar baiti baiti a bakin turmi, kamar yadda ta yi da wandon babana shekara da shekaru.

A lokacin tabkin yakan cika har ya taɓa saiwar tsamiya. Yara su yi ta iyo, mata su wanke ƙwarya, agwagin daji su sauka da yamma. Akwai shekarar da ruwa ya kama su a hanyar dawowa, ta shigo gida jiƙe, gemun ya zame ya koma wuya, tana cewa, "To, Mushe, rubuta wannan cikin takardarka." Na ce hadarin tun safe yake haɗuwa, ko da sun zauna gida zai zuba. Har yau ina kan bakana. Amma na tuna ƙamshin ƙasa a ranar, da yadda ta tsaya tsakar gida tana matse ƙafar wandon tana dariya.

Asabar, 14 ga Yuli, da yamma

Hadari ya haɗu a gabas, ya dube mu, ya wuce Najeriya. Shi ma ya san inda kasuwa take.

Lahadi, 15 ga Yuli, da hantsi

Maganar Alkasum ta hana ni sakewa, don haka na kafa wa kaina kotu. Na yi shekaru ina zagin masu fasa-ƙwauri, kuma kananzir ɗin da ke cikin fitilata bai taɓa gaisawa da duwan, wato kwastan, ba. Na hana yara Hausa a aji, na hukunta wanda ya yi, sannan na dawo gida na yi mafarki da ita. Na ce bukin suna ɓarnar hatsi ne, kuma ban taɓa mai da ƙwaryar da aka aiko mini ba.

Lauyana, wato ni, ya ce mutum ba ya iya fita daga garinsu don kawai ya ga aibinsa. Wanda ke cikin jirgi yana da ikon ya ce jirgin na yoyo. Munafuki shi ne mai faɗin abin da bai yarda da shi ba, ni kuwa na yarda da kowace kalma da na faɗa a rediyo. Alƙali, wato ni, ya gamsu, ya sallame ni.

Sai dai ba a kira maganar igiya ba. An ɗage ta.

Talata, 17 ga Yuli, da azahar

Hawa'u ta shigo da kunu. Da ta fito daga ɗakin ta tsaya kaina, hannu a ƙugu.

"Mushe, ni ba ni iya waƙar ga. Kaina ba ya riƙe ta. Mai ita na kwance tana ji muna yanka mata ita awa nama."

"Likita ya ce..."

"Likita! Likitan da ke cikin akwatin rediyo? Mu dai mun san wanda kake jin kunya. Ka hwaɗi magana duniya ta ji, yanzu kana tsoron a ga matarka bisa amalanke da wandonka."

Na ce mata ita ba ta san komai a kan ciwo ba. Ta ce haka ne, amma ta san maza. Ta ɗauki ƙwaryarta.

Ba gaskiya ba ne. Jikinta nake ji wa.

Laraba, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Ba ta roƙa ba. Cewa kawai ta yi, "Gobe." Na ce in ta ƙara jin ƙarfi, mako mai zuwa. Ta ce, "To."

Jikinta nake ji wa.

Alhamis, 19 ga Yuli, da yamma

Na fita tun kafin su taso, na je duba rufin lakwal, wanda ba abin da ya same shi tunda ba ruwan da zai gwada shi. Da na dawo na tambayi Hawa'u ko an gyara mata waƙa yau. Ta ce ba ta ji komai daga ɗakin ba.

Na shiga. Fuskarta na wajen bango.

Asabar, 21 ga Yuli, da hantsi

Likita ya zo da jakarsa. Bai daɗe ciki ba. Ya ja ni har bayan zaure, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ce a ba ta duk abin da take so. Na ce ai ba ta cin komai. Ya ce ba abinci kaɗai yake nufi ba.

Na aika garin Tajaye a gaya wa ɗiyarmu ta zo, kada ta jira a gama noma. Wane noma ma.

Lahadi, 22 ga Yuli

Ban karanta komai ba.

Litinin, 23 ga Yuli, da la'asar

Na sami Alkasum shi kaɗai. Na zauna na daɗe ina kallon ƙyallayen da ke ƙasa, sannan na ce, "In na kai ta, me za a ce?"

"Za a ce munahuki. Ni za ni fara. Sai mi?"

Na ɗauki ƙyalle guda ina juyawa.

Ya ce, "Ishaku, wa kake tsammani ka ɓoye wa? Duk shekara in sunka fito kana bayan katangar lakwal, ka ɗora tubali ka taka kana leƙe. Yara na ganinka, mu muna ganinka. Ka ce abin banza ne, wataƙila ma banzar ne, ni ban taɓa ganin wando ya jawo hadari ba. To amma ita ba ra'ayinka ta tambaya ba. Amalanke ta tambaya."

Na ce tubalin na gyaran katanga ne. Ya ce Allah ya ba katanga lafiya.

Talata, 24 ga Yuli, da hantsi

Na kori ƙadangaren. Na kakkaɓe wandon, na ninke, na shiga da shi ɗakin na ajiye a gefen gado, daidai inda hannunta ke kaiwa. Ban dube ta ba. Na fuskanci ƙofa na ce da ƙarfi, "Zan fita in dawo. Ga wandona nan, kada kowa ya taɓa mini shi."

Na zaga har kasuwar dabbobi, na aika wa Jibo saƙo. Da na dawo babu wando. Na yi faɗa yadda ya kamata, na ce gidan nan ya cika da ɓarayi. Tana kwance ido rufe, ƙafar wandon ta leƙo daga ƙarƙashin matashi, tana danne dariya.

Laraba, 25 ga Yuli, bayan azahar

Na gaya wa Hawa'u ni zan ja jakin, don ba zan bar Kubura ta yi nisa da ni ba, kuma ni na san yadda ake ɗaga ta ba a taɓa wajen ciwon ba. Hawa'u ta ce namiji ba ya shiga cikinsu.

Na ce to ba za a je ba.

Ta yi tunani, ta ce akwai hanya guda. A zamanin kakarta an taɓa shiga da wani makaɗi, amma sai da ya ɗaura zane da kallabi. Na ce ƙarya take yi, yanzu ta ƙirƙiro makaɗin. Ta ce ko da yanzu ne, ai ya riga ya ɗaura.

Na tsara wa kaina doka, kuma na rubuta ta nan don ta zama shaida. Ƙafata za ta je, hannuna zai riƙe igiya. Bakina ba zai buɗe ba. Da haka ra'ayina yana nan inda na bar shi, ba wanda zai ce na canja.

Alhamis, 26 ga Yuli, gab da magariba

Ɗiyarmu ce ta sa mata wandon. Da can sai ta ja shi har hammata don tsawo, yau sai da aka naɗe ƙugun aka sake naɗewa. Aka manna gemun, aka ɗora malafa. Na ɗauke ta zuwa amalanke. Ba ta kai nauyin akwatin littattafaina ba.

Zanen nata ne, mai shuɗi, na zuwa suna. Ban san ɗaurin zane ilimi ba ne sai yau. Ya kwance a zaure, ya kwance a ƙofar gida, sai da Hawa'u ta ɗaure mini shi da kanta tana cewa, "Tsaya, amarya, kar ki ba mu kunya." Kubura na kallo daga kan katifa. Ta ce, "Kallabin ya karkace, Mushe." Ta sa na sunkuya ta gyara.

Maganar ta riga mu fita. Duk mazan da suka saba shigewa gida in mata sun taso, yau suna bakin hanya. Alkasum ya fito da kujerarsa. Da muka zo daidai rumfar ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya faɗi sunan nan da ya yi alkawari, da ƙarfi yadda kowa zai ji, aka fashe da dariya. Sannan ya aiko da laimarsa a riƙe mata.

Ta fara bayarwa tun daga rijiya. Muryar ba ta da nisa, sai matan suka matso suka kewaye amalanken, suka rage takunsu don su ji.

Mun ɗauki hauya, maza sun gaji,
Allah dubi gero, kar ka dubi gemu.

Su kuma su amsa, a ba mu ruwa. Haka take bin mazan unguwa ɗaya bayan ɗaya, mahauci da limami da mai gishiri, kowa da baitinsa, kowa ana yi masa dariya a gaban ƙofarsa. Ni ina gaba da igiyar jaki, bakina a rufe kamar yadda doka ta ce.

Mun wuce lakwal, an hango tsamiya, sai ta zo kan nawa. Ta ce, "Mushe na da alli," sai muryar ta tsaya. Na waiwaya. Bakinta na motsi, ba abin da ke fita. Ta sake gwadawa. Matan suka yi tsit, hauyoyi a kafaɗa, kowa na jira, Hawa'u ta buɗe baki ta rufe don ba ta san abin da ke biye ba. Jakin ma ya tsaya.

Ni na sani. Shekara da shekaru ina maimaita baitin nan a majalisa don in nuna wautarsa.

Mushe na da alli, alli ba ya tsiro,
Ya rubuta hadari, allo bai jiƙe ba.

Ban san da wace murya na faɗe shi ba. Na dai ji an amsa, a ba mu ruwa, da ƙarfin da ya sa tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Daga nan har bakin tabki ita tana motsa baki, ni ina dubanta ina faɗa. Inda na manta sai ta ɗaga yatsa. Tabkin ya tsage kamar tafin ƙafar manomi. Aka raba gumba, ɗan kaɗan, kowane yaro abin da zai lasa.

A hanyar dawowa ta yi barci, gemun a hannunta.

Juma'a, 27 ga Yuli, da hantsi

Ba ko gajimare. Na faɗa, ai.

Wasu 'yan ajina sun gamu da ni a hanyar masallaci, suka ƙame suka ce, "Banzur, madam." Na amsa. Me zan yi.

Ta sha kunu rabin ludayi, ta nemi ƙari.

Lahadi, 29 ga Yuli, da la'asar

Ta ce muryata da ta jakin Jibo uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce na tsallake baitin mai gishiri na biyu, kuma inna da tana nan da ta kore ni da muciya. Muka yi ta tuna mutanen da ke cikin waƙar da can, waɗanda aka cire baitinsu da suka tafi: Takama maƙeri, da tsohon nan mai kiran salla kafin lokaci. Ta yi dariya har sai da na tallafe ta.

Can ta ce, "Ban kai ta ƙarshe ba."

Na ce baɗi.

Ba ta ce to ba.

Alhamis, 2 ga Agusta

Yau matan ba su fita ba.

Laraba, 8 ga Agusta, da hantsi

An naɗe tabarmin zaman makoki da ke zaure. Jibo ya koma Bazaga, ɗiyarmu za ta ƙara kwanaki. Alkasum yana zuwa kullum ya zauna tare da ni.

Ra'ayina bai canja ba. Wando ba ya kawo ruwa, in an sake kawo na'urar rediyo zan sake faɗa, kuma in an fita baɗi Hawa'u za ta buƙaci mai tuna mata baiti. Ko wane suna wannan ya ba ni, na karɓa, bai yi nauyin da na zata ba.

Abin da ke da nauyi daban ne. Alhamis ta farko muryarta tana keta katanga har kan hanya. Da ranar na kai ta, da ta kai waƙarta ƙarshe da bakinta. Na rubuta a nan cewa jikinta nake ji wa. Ba shi ba ne. Na yi kuskure.